Ranar da Kano ta Saurari Zuciyar Ɗan Sama Jannati

A ranar 20 ga Fabrairu, 1962, wani kumbo mai suna Friendship 7 ya tashi daga Cape Canaveral ta ƙasar Amurka ɗauke da mutum ɗaya, John Glenn. Bai cika rabin sa'a da tashi ba ya ratso sararin Afirka ta Yamma, kuma waɗanda ya yi magana da su ta rediyo a wannan lokaci suna zaune ne a Kano. Ya shaida musu cewa yana hango ƙura ta turnuƙe ƙasa, su kuma suka amsa masa cewa mako guda ke nan ana fama da iska. Ɗalibin Gwiwa ko Roni ba ya bukatar a fassara masa wannan: hazon hunturu ne, wanda galibinsa iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi.

Me ya kawo hukumar NASA Kano? Amsar tana ga siffar duniya. Irin igiyar rediyon da kumbon ke amfani da ita miƙe take tafiya, ba ta lanƙwasa, alhali duniya ƙwallo ce. Da zarar kumbo ya faɗa bayan doron ƙasa, sai maganarsa ta yanke. Don haka aka jera tashoshi 18 a kewayen duniya, har da na cikin jiragen ruwa, kowace ta karɓi kumbon na 'yan mintoci ta miƙa wa ta gaba. Tsibiran Kanari ke miƙa wa Kano, Kano ta miƙa wa Zanzibar. Gudun kumbon ya kai kimanin kilomita 28,000 a sa'a, wato kusan kilomita 8 a daƙiƙa. Tafiyar Kano zuwa Kazaure, mai kimanin kilomita 80, a wajensa ta daƙiƙa goma ce.

Babban aikin tashar Kano shi ne saurare, kuma ba muryar Glenn kaɗai ake saurare ba. An manna masa wayoyi a ƙirji masu ɗaukar 'yar wutar lantarkin da zuciya ke fitarwa a kowane bugu. A gaban bakinsa akwai wata ƙaramar na'ura mai jin iskar da yake fitarwa, da ita ake ƙirga numfashinsa. Duk wannan rediyo ke sauko da shi, likita a tasha yana duba zanen a kan takarda. Lokacin tashi bugun zuciyarsa ya kai 110 a minti, wanda bai wuce na yaron da ya yi sassarfa zuwa makaranta ba.

Likitoci suna da dalilin fargaba. Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyat ya zagaya duniya sau ɗaya tak a watan Afrilun 1961, Gherman Titov kuwa da ya kwana a sama a watan Agusta ya yi fama da tashin zuciya. Wata tambayar ita ce: idan jiki ba shi da nauyi, abinci zai sauka ciki? Glenn ya matsa dafaffiyar tuffa daga wani kwaroro ya haɗiye lafiya lau. Dalili shi ne ba faɗawa abinci ke yi cikin tumbi ba. Tsokar maƙoshi ce ke matse shi daki-daki tana tura shi gaba. Duk wanda ya ga jaki yana shan ruwa a bakin rijiya, kai a ƙasa, ruwa na hawa wuya, ya riga ya ga hujjar. An kuma ba shi ƙwayar wani sukari mai suna zailos, wanda jiki ke fitar da kaso mai yawa nasa ta fitsari. Awon fitsarin ne zai nuna ko hanji na tsotsar abinci yadda ya kamata.

Rahotannin tashoshi ana aika su ne ta na'urar buga saƙon waya zuwa Cibiyar Goddard a jihar Maryland. Can aka girke kwamfutoci biyu samfurin IBM 7090, masu lissafa inda kumbon yake da inda zai sauka. Kowace na cin ɗaki guda, amma rumbun ajiyarta kalmomi 32,768 ne kawai, wanda hoto ɗaya na wayar hannu ta yau ya fi ƙarfinsa. Glenn bai sakankance da su ba. Kafin tashi ya nemi masaniyar lissafi Katherine Johnson ta sake bin alƙaluman da injin ƙidaya na tebur, sai da amsarta ta dace da ta kwamfuta. Ya zagaya duniya sau uku cikin sa'a 4 da minti 55, ya sauka a Tekun Atalantika.

Malami na iya maimaita rabin aikin tashar Kano a aji da agogo kaɗai. Ɗalibai su zauna bibbiyu, ɗaya ya dafa jijiyar wuyan hannun ɗaya, ya ƙirga bugu na daƙiƙa 15, ya ninka sau huɗu. A auna ana kwance, a auna ana tsaye, a sake aunawa bayan gudun minti biyu. Galibi adadin tsaye zai ɗara na kwance, domin nauyi na janye jini zuwa ƙafafu, zuciya kuwa sai ta ƙara sauri don ta cike giɓin. Daga nan sai a tambayi aji: ina jinin ƙafafun Glenn ya nufa lokacin da nauyin ya ɓace?