Yadda Ake Auna Hayaƙin Motocin Dakon Citta

Cittar da ake lodi a Fadan Kaje da Kafanchan zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas tana da wani lissafi bayan kuɗin mota, wato nauyin hayaƙin kabon da dakonta ke fitarwa.

Ma'aunin shi ne giram nawa ake fitarwa in an kai tan guda tafiyar kilomita guda. Kowace litar man dizal tana fitar da kimanin kilo 2.7.

A ƙaddara tirela ta ɗauki tan 30, ta yi kilomita 1,000, ta sha lita 400. Hayaƙinta kilo 1,080 ke nan, wato giram 36. In ta komo wayam ta ƙara shan lita 300, lissafin ya haura giram 60. Jirgin ƙasa kuwa ya fi mota sauƙin hayaƙi a wannan ma'auni, jirgin sama ya fi kowa yawa.

Tun 2024 Tarayyar Turai ke karɓar kuɗin hayaƙi daga manyan jiragen ruwan da ke shiga tashoshinta, kamfanoninsu kuma suna ɗora shi a kan masu kaya. Saboda haka ya kamata ɗan kasuwa ya riƙa ajiye lissafin lita, tan da kilomita.