Fasali A Kan Siyaha Da Fita Daji

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ka sani ya kai muridi, zuciya in ta daɗe cikin ganuwa takan yi gansakuka kamar ruwan randa. Wanda bai san komai ba sai lungu da zaure da hayaniyar kasuwa, mamakin ikon Allah yakan mutu a idonsa. Saboda haka magabata suka yi siyaha. Shehu Abdulƙadir Jilani, Allah Ya yarda da shi, ya shekara 25 yana yawo a dazuzzukan Iraƙi. Shehu Ahmadu Tijjani kuwa a Abi Samgun, cikin sahara, aka yi masa buɗi, shekara ta 1196 ta Hijira.

Kai ba a ce ka tafi Iraƙi ba. Nemi izinin muƙaddaminka, ka fita bayan asuba wajen Dutsen Kufena da buta da carbi. Ka zauna ka dubi gawo, wanda yake zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, ka tambayi ranka wa ya umarce shi. Kada ka fita neman aljanu ko karama, masu yin haka sun yi yawa, Shaiɗan kuma ya san hanyar daji. Ka komo birni kafin magariba, kada wazifa ta wuce ka a zawiya.