Darasi na Tara: Yannick Noah da Gano Baiwar Yaro

An haifi Yannick Noah a garin Sedan na Faransa a 1960, amma ya tashi a Kamaru, ƙasar mahaifinsa. A 1971 gwanin tanis na Amurka, Arthur Ashe, ya ga wasan yaron a Yawunde, ya sa baki aka kai shi Faransa don samun horo. A 1983 Noah ya doke Mats Wilander, ya cinye gasar Roland Garros. Daga baya, a matsayin kyaftin, ya jagoranci Faransa ta ɗauki Kofin Davis a 1991 da 1996 da 2017.

Aiki: Da Ashe bai lura da yaron ba, ina baiwarsa za ta kwana? Tattauna hanyoyin da malami zai bi ya gano baiwar ɗalibansa.