Hutu Iri Biyu: Na Kalanda da Na Ganin Wata

Duk wanda ya zauna a Kafanchan ya san yadda garin ke cika idan Disamba ta raba. Hunturu ya sauko, manoman citta suna haƙa suna shanya, 'yan ƙasa da ke aiki Kaduna da Abuja da Jos suna ta dawowa gida. A irin wannan lokaci ne ake yawan tambaya: yaushe ne hutu? Amsar tana da sauƙi idan mutum ya gane cewa ranakun hutun Nijeriya iri biyu ne.

Iri na farko ba ya motsi. Kirsimeti 25 ga Disamba take, kashegari 26 hutu ne, 1 ga Janairu kuma Sabuwar Shekara. A wannan rana ce mutanen Kagoro ke bikin Afan, inda maharba da makaɗa ke cika fadar sarkinsu. Waɗannan ranaku suna bin shekarar rana mai kwana 365, saboda haka kowace shekara cikin hazo da sanyi suke zuwa.

Iri na biyu sai an dubi sama. Wata yana ɗaukar kimanin kwana 29 da rabi daga duhu zuwa duhu. Yana fitowa jinjiri a yamma bayan faɗuwar rana, ya kai rabi cikin mako guda, ya cika wajen daren 14, daga nan ya riƙa makara yana ragewa har ya ɓuya. Wata 12 irin wannan kwana 354 ne, wato shekarar Hijira ta gaza ta rana da kwana 11. Shi ya sa azumi da Salla suke zagaya damina da rani. Dattawa za su tuna cewa a 2000 Ƙaramar Salla ta zo kwanaki kaɗan bayan Kirsimeti, a 2006 kuma Babbar Salla ta faɗo a ƙarshen Disamba. Bisa lissafi, a 2030 azumi zai kama sau biyu, a Janairu da kuma Disamba.

To, a nan ne hazo ke kawo gardama. Jinjirin wata siriri ne, ba ya daɗewa a sama, ƙurar hunturu kuwa tana iya rufe shi ɗungum. Ka'ida ita ce, wanda ya gani ya kai rahoto wurin dagaci ko hakimi, a tantance, labari ya bi ta fadar sarki, a nan yankin ta Sarkin Jama'a, har ya isa Sakkwato. Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, shi ne mai sanarwa. Ranar da ba za a je aiki ba kuwa, Ministan Harkokin Cikin Gida ke ayyana ta da sunan Gwamnatin Tarayya. Abin da aka buga a kalandar bango kintace ne kawai. Kada ma'aikaci ya ƙi zuwa ofis don ya ga jan rubutu a takarda.

Kada kuma a ɗauka duban wata na Musulmi ne kaɗai. Ista takan zo ne ranar Lahadin da ta biyo bayan cikar wata ta farko daga 21 ga Maris, shi ya sa wata shekara take a Maris, wata a Afrilu. Ashe masallaci da coci duk suna da hulɗa da wata ɗayan nan da ke haska dutsen Kagoro.

Mutanen Sin kuwa nasu tsarin ya haɗa lissafin rana da na wata. Ba su jiran ido ya gani. Ranar da wata ya shiga cikakken duhu bisa lissafi, ita ce 1 ga wata a wurinsu, saboda haka sukan riga mu da kwana ɗaya ko biyu. Don kada bukukuwansu su yi ta yawo kamar namu, sai su ƙara wata na 13, sau 7 cikin shekara 19. Da wannan dabara Sabuwar Shekararsu ba ta fita tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. A 2024 ta zo 10 ga Fabrairu, a 2025 kuma 29 ga Janairu.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Kafanchan da bikin Sinawa, tunda ba hutu ba ne a nan? Ruwansa na kasuwa ne. Wayar salula da fitilar sola da ke shagunanmu akasari daga can suke. Idan bikin ya zo, masana'antu sukan rufe, ma'aikata su tafi garuruwansu, wasu sai bayan makonni suke dawowa. Ɗan kasuwar da bai yi odar kayansa da wuri ba, sai ya zauna da shago wayam yana zargin dillali.

Saboda haka, jama'a, kowa ya rataya kalanda mai ɗauke da kwanan watan Bature da na Hijira a gidansa, ya koya wa yara duba ta. Idan 29 ga watan Hijira ta yi, a kasa kunne ga rediyo, a bar jita-jitar WhatsApp. Wanda ke da maƙwabci mai biki kuma, ya san ranar tun da wuri, ya je ya yi masa barka.