Kafin Ka Sayi Fenti

Ɗana, an ce ka jawo tsohon babur ɗin nan da ya daɗe jingine a bayan rumbu, kana so ka tashe shi da hannunka. Madalla. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabo, sabon Boxer ya fi ƙarfin ɗan talaka, don haka mai tsoho ya riƙe abinsa. Sai dai na ji har ka zaɓi launin fenti, alhali ba ka ji kukan injin ba tukuna. Zauna mu yi magana.

Da fari, na wane ne? In na gado ne, a tara magada a yi masa kuɗi tun yana cikin tsatsa, don ranar da ya fara sheƙi kowa zai tuna yana da rabo. In saya ka yi, duba ko lambar inji ta dace da ta takarda, a kuma rubuta ciniki gaban shaidu.

Kada ka yi gaggawar taka kik. Babur ɗin da ya shekara a ajiye, fetur ɗinsa ya bushe ya bar danƙo a kafireto, tanki ya yi tsatsa, wataƙila ma zanzaro ya yi gini a bakin salansa. Cire filogi, ɗiga baƙin mai ta ramin, bar shi ya kwana, da safe ka danna kik da hannu a hankali ka ji ko fistin na motsi. Shimfiɗa buhu a inuwa, nesa da kaji da yara, ka kwance kafireto, kowane noti ka jefa a gwangwani. Allurar mai da ƙananan ramukan nan ka wanke da fetur ka hura. Kada ka zura musu waya, ramin zai faɗaɗa, babur ya koma mashayin mai har abada. Ka kuma san irin injinka. Tsohon Suzuki ko Jincheng mai hayaƙi yana ƙona baƙin mai tare da fetur, in ka hana shi sai ya ƙame. Honda CG da Boxer kuwa juye musu ake yi a zuba sabo.

Akwai wani soso da ke tace iska kafin ta shiga inji. Samari na cire shi wai babur ya ƙara ƙara. A ƙasarmu ta Dambatta da Bichi da Kunci, inda hanya rairayi ce kuma hunturu na zubo ƙura, wannan ganganci ne, ƙurar ce ke cinye ringin fistin. Wanke soson, shafa masa ɗan mai, mayar da shi.

Sai birki da sarƙa da taya, a nan kuɗinka ya kamata ya fara tafiya. In ka shiga Kano, Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, tafi da tsohon ƙarfen a aljihu ka gwada, kuma ka tuna araha ba ta ado. Sarƙa da haƙoranta tare ake canza su. Aikin da ya kai ga buɗe cikin inji, kai wa bakanike, ka tsuguna kusa kana kallo. Ba abin kunya ba ne.

Ado fa? Ban hana ka ba, mu ma mun ɗaura wa namu tuntu da madubai a zamaninmu. Yi fentinka, ɗinka wa kujera riga, rubuta addu'a a baya. Amma ka bar salansa yadda take. Nan gida na jikin gona, gona na jikin gida, burtali kuwa da ƙyar jaki biyu ke wuce juna. Ƙarar da ke burge ka ita ke firgita shanun huɗa, ta ta da mai jego. Kariya ma kada ka yanke don gayu. Ita za ta kai taki gona, ta kai buhun gero kasuwa.

In an sa sabon ringi, yi makonnin farko ba gudu ba lodi, sannan ka juye baƙin mai ka duba ko da ɓarɓashin ƙarfe a ciki. In ka gan shi fes, je ka sayo fentin.