Amsoshin Tambayoyinku: Sallah saura kwana uku, ban sayi komai ba

Wata mai sauraronmu daga Zariya ta aiko tana cewa ƙaramar Sallah saura kwana uku, ba ta sayi komai na iyaye da 'ya'yan 'yan'uwa ba, har barci ya ƙaurace mata. Yaya za ta yi?

To Malama, fara cire tela daga lissafinki. A goman ƙarshe na azumi, telolin da ke kwana a shago ma ba su gama ɗinkin waɗanda suka kawo tun watan Sha'aban ba. Duk wanda ya yi miki alkawarin ranar jajibere, ki shirya jin "dawo anjima". Sayi atamfa ko shadda ki miƙa haka nan. Surukarki za ta kai wa telanta lokacin da ta ga dama, a yi mata irin ɗinkin da take so, don da ke kika zaɓa wataƙila ba za ta ce komai ba, amma sai ya kwanta a akwati.

Yara kuwa barka da Sallah suke jira. Nemi canjin naira 100 da 200 tun yau, don gab da Sallah tsabar kuɗi kan yi wuya a wajen masu POS.

Abin da ba ya jira shi ne zakkar fidda kai: mudu huɗu da mudun Annabi a kan kowane mutum, a fitar kafin a tafi idi. Kyautar dangi kuwa, ko bayan mako guda kika kai da yawon Sallah, da hannu biyu za a karɓa. Idan ma cincin da dambun nama za ki kai, ba sa saurin lalacewa.