DARASI: BATIR RUMBU NE, INBATA TURMI NE

Darasinmu na wannan fitowa a kan wani ɗan akwati ne da ya shigo garuruwanmu. Daga Sabon Maci har Kornaka da Dakoro, da wuya a ci kasuwa ba a gan shi wurin masu kayan wuta ba. Mutanen Najeriya suna ce masa inbata, masu faransanci suna ce masa konbertiser. Wanda wayar NIGELEC ba ta kai ƙauyensu ba shi ya fi sayensa, don ya kunna tele ko fanka da batir. Mutanen birni ma sun san amfaninsa tun watan Agusta na 2023, sa'ad da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, har da wadda ke zuwa Maraɗi daga Katsina ta Gazawa. Sai a watan Maris na 2024 aka maido ta.

Mutum ya sayar da wake ko rago, ya sayi batir da inbata, kafin damina ta zagayo batir ya mutu. Sai ya ce an cuce shi. Wani lokaci gaskiyarsa ce, jabu ya yi yawa. Amma sau da yawa lissafi ne ba a yi ba. Tun da kun koyi karatu da lissafi, wannan ba zai gagare ku ba.

Wuta iri biyu ce

Wutar batir tana tafiya gaba ɗaya, kamar ruwan ƙorama. Ƙarfin turawarta bolt 12 ne. Wutar NIGELEC kuwa bolt 220 ce, kuma tafiya take tana komowa, sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya. Tele da fanka da firigo na birni don wannan ta biyun aka ƙera su. Aikin inbata shi ne ya karɓi ta farko ya juya ta ta koma ta biyu.

To, ku riƙe wannan da kyau: inbata ba ya yin wuta. Batir rumbu ne, inbata turmi ne. Turmi ba ya haifar hatsi. Abin da aka ɗebo daga rumbu shi yake dakawa, kuma kowace mace ta san tiya ɗaya ta hatsi ba ta ba da tiya ɗaya ta tsaba, sai an fid da dusa. Dusar inbata ita ce zafin da kuke ji idan kun taɓa shi. Cikin kashi goma yana cinye ɗaya, mai araha ma ya kan ci biyu. Sayen babban inbata a kan ƙaramin batir kamar sayen ƙaton turmi ne alhali rumbu bai fi dami biyar ba.

Lissafin rumbu

Ku duba jikin batir. Za ku ga lamba biyu, misali 12V da 100Ah. Ta farko bolt ce, ta biyu girman cikinsa. Ku ninka su: 12 sau 100 ya ba da 1200. Wannan shi ne dukan abin da ke cikin rumbun in ya cika maƙil.

Amma ba duka ake ci ba. Batir mai dalma, wato mai nauyin nan da muka saba da shi, ba ya son a kwashe shi ƙarƙaf. Rabi na ci ne, rabi na iri. Wanda ya cinye iri ya san abin da zai tarar ran shuka. Batir da ake tatsewa kullum har ƙasa, cikin ƴan watanni sai ya daina riƙe wuta, ko an yi masa caji yini guda. Wanda ake tsayawa a rabi ya kan yi shekaru. Saboda haka cikin 1200, naku 600 ne. A fid da dusar inbata, saura kamar 500.

Yanzu ku juya bayan kayan da za ku kunna. Kowane yana da lamba da harafin W a gabanta, shi ne wat, wato abin da yake ci cikin awa ɗaya. A ce tele tana cin 40, fanka 50, ampul biyu kowane 5. An haɗa, 100 ke nan. A raba 500 da 100, an sami awa 5. In an fara bayan magariba, kafin tsakar dare abinci ya ƙare. A kashe fanka kuwa, saura 50, sai wutar ta kai awa 10. Ga shi fanka ba ta da hoto ba ta da murya, amma ta fi tele ci.

Dutsen guga na lantarki yana cin 1000. A takarda rabin awa zai yi, a zahiri ma ba zai kai ba, don batir ba ya son a fizge shi da ƙarfi haka. Duk abin da aikinsa zafi ne, dutsen guga ko butar dafa ruwa, a bar shi. Gawayi ya fi araha. Firigo kuma yana da wata dabi'a: sa'ad da injinsa zai tashi yana fizgar ninki uku, ko biyar, ko fiye, na abin da aka rubuta a jikinsa. Shi ya sa ƙaramin inbata ke mutuwa da an sa firigo. Injin niƙa kam kada ma a yi maganarsa.

Akwai ɓarawon da ba a gani. Inbata in yana kunne yana ci ko ba a sa masa kome ba. Wasu suna cin wat 10 a zaune. Cikin awa 24 ya zama 240, kusan rabin rabonku na yini. In an gama kallo a kashe shi daga makunninsa. Kuma kada ku jira sai ya yi kuka kafin ku tsaya. Kukan nan ba ya zuwa sai batir ya faɗo wajen bolt 11 ko 10,5, an wuce rabi da nisa. Mai ɗan agogon awo ya auna bayan batir ya huta: 12,7 cike yake, 12,2 an kai rabi, a tsaya.

Abin da aka ɗiba sai an mayar. Farantin rana, wanda ake kira pano, mai wat 100 ya kan tara kamar 400 zuwa 500 a yini in gari ya yi garau. Wanda ke cin 600 kowane dare, to 100 bai ishe shi ba, ya nemi 150. A kafa shi yana duban kudu, a ɗan karkace. Da hunturu ƙura tana rufe shi, a riƙa share shi da tsumma mai laushi da sassafe. Tsakanin pano da batir a sa regilater, shi ke hana caji ya wuce kima. Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka kunna tele da hasken rana a lakwal a Nijar, kuma Abdu Mumuni, wanda ya shugabanci ma'aikatar ONERSOL daga 1969 zuwa 1985, ɗan Tasawa ne, nan jihar Maraɗi. Sunansa jami'ar Yamai take ɗauke da shi.

Ran saye

Inbata iri biyu ne. Mai araha wutarsa tana da gargada, kamar amalanke a kan kunya. Ampul da cajin salula ba su damu ba, amma fanka sai ta riƙa gurnani tana zafi, firigo kuma yana iya ƙonewa. Mai tsadar wutarsa sumul take kamar ta NIGELEC. Ku tambayi mai shago wane iri ne, a gwada da fanka a gabanku, ku saurara. Lambar da aka buga da manyan baƙaƙe a kwali kada ta ruɗe ku. Sau da yawa ƙarfin daƙiƙa ɗaya ne, abin da zai iya ɗauka yini guda rabinta ne ko ƙasa.

Batir ɗin mota an yi shi ne don ya ta da inji nan take, ba don a sha shi dare guda ba. Na sola ya fi jurewa. Akwai kuma sabon iri mara nauyi, litiyom, wanda ake iya ci har kashi takwas cikin goma, sai dai kuɗinsa da yawa. Ni a ganina, wanda bukatarsa haske ce da rediyo da cajin salula, kada ya sayi inbata sam. Akwai ampul da fanka da tele masu bolt 12, suna sha kai tsaye daga batir, babu dusa.

Haɗawa da tsaro

Jar waya a kan alamar +, baƙa a kan alamar −. In aka juya su, inbata ya ƙone nan take. Wayar da ke tsakanin batir da inbata ta zama mai kauri, gajera, kada ta wuce mita ɗaya. Dalili kuwa, wat 1000 a bolt 12 yana jan ampa kusan 100, siririyar waya sai ta yi ja ta narke. A ɗakin kara ko na shuci wannan gobara ce. A sa fis a jar wayar kusa da batir, a ɗaure kawunan da kyau. Kada a ɗora wuƙa ko sifana a kan batir.

Batir mai ruwa yana fid da iska mai kama wuta lokacin caji. A ajiye shi inda iska ke shiga, a inuwa, bisa katako, nesa da murhu da taba da kalanzir. Zafin bazara yana rage masa kwana. In ruwansa ya ragu a ƙara ruwan batir da ake sayarwa, ban da ruwan rijiya. Abin da ke cikinsa asid ne. In ya fantsama a ido a wanke da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi likita.

Batir mai bolt 12 ba ya jan mutum, shi ya sa ake raina inbata. Amma abin da ke fita daga bakinsa bolt 220 ne, yana kisa kamar wutar birni. A rataye shi sama inda yara ba su kai ba, kada a taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, kada a haɗa shi da wayar gidan da NIGELEC ta riga ta shiga. In wuta ta kama mutum kada a riƙe shi. A kashe inbata, ko a ture wayar da busasshen icce.

Aikin wannan mako

Ku yi wannan a allo ko a littafi, ku kai wa malamin yaƙi da jahilci ya duba. Wani mai shago yana da batir 12V 150Ah. Yana so ya kunna tele mai wat 60 da ampul huɗu, kowane wat 5. Nawa ne cikin rumbunsa? Nawa ne na ci? In an fid da kashi ɗaya cikin goma na dusa, awa nawa zai yi? In an fara kallon ƙwallo da ƙarfe 7 na yamma, ƙarfe nawa ya kamata ya kashe?